Rubutun sirri irin na mutanen da: zai iya kare kalmomin sirrin waya a yau?

Tambaya: Malam, nakan ajiye kalmomin sirrin imel da na manhajar banki a cikin wayata, amma sai in musanya kowane harafi da na uku a gabansa, domin ko wayar ta faɗa hannun ɓarawo kada ya gane komai. Shin wannan dabara ta wadatar?

Amsa: Ba ta wadatar ba, Malam, kuma ina roƙonka ka daina dogaro da ita tun yau. Dabarar ta haura shekara 2,000 a duniya, domin da ita Julius Kaisar na Rum yake rubuta wa mutanensa wasiƙun sirri, shi ma da tsallaken haruffa uku. A jerin haruffan Turanci, kalmar KANO takan koma NDQR. Matsalar ita ce haruffan 26 ne kacal, saboda haka tsallake iri 25 kawai za a gwada, abin da ɗan makaranta zai gama da biro da takarda kafin a kira sallah.

Ko da ka watsar da tsallaken, ka ba kowane harafi wata alama ta daban yadda ka ga dama, ba ka tsira ba. Malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya warware wannan tun a ƙarni na 9, kuma a ganina aikinsa na daga cikin mafi ban sha'awa a tarihin wannan fanni. Ya lura cewa a kowane harshe akwai haruffan da suka fi maimaituwa, kamar alif da lam a Larabci, kuma sauya musu kama ba ya rage yawansu. Sai ya ce a ƙirga alamomin saƙon, a daidaita wadda ta fi yawa da harafin da ya fi yawa a harshen, a bi su daki-daki. A Hausa abin ya fi sauƙi, domin harafin "a" ya yi wa sauran fintinkau, ga kuma gajerun kalmomi irin "da" da "na" masu tona asiri. Irin wannan rauni ne ya ci rayuwar Sarauniya Mary ta Scotland, wadda aka kashe a 1587 bayan an warware wasiƙun sirrin da suka nuna hannunta a makircin kashe Sarauniya Elizabeth ta Ingila.

Turawa sun yi ƙoƙarin toshe ɓarakar da tsarin da ake jingina wa wani Bafaranshe mai suna Vigenère, ko da yake Bellaso, wani mutumin Italiya, ne ya bayyana shi a 1553, inda wata kalma ta mabuɗi take sauya tsallaken a kowane harafi. Ya yi kusan shekara 300 ana ganin ba ya karyuwa, har wani Bajamushe mai suna Kasiski ya wallafa hanyar karya shi a 1863.

Shawarata ita ce ka goge wannan rubutu daga wayar, ka sauya kalmomin sirrin, ka koma amfani da ma'ajiyar kalmomin sirri ta Google ko ta Apple da ke cikin wayarka, ka kulle ta da zanen yatsa. Lambar sirrin katin banki kuwa, a ka ake riƙe ta.

Tambaya: To zaurance fa, ko rubuta Hausa da ajami, ba za su ɓad da bami ba?

Amsa: Suna ɓad da wanda bai saba ba ne kawai, domin duk wanda ya san ƙa'idar ya gama karantawa. Tun a 1883 wani masanin rubutun sirri mai suna Kerckhoffs ya kafa sharaɗin cewa tsarin kirki shi ne wanda zai tsaya ko da abokin gaba ya san yadda yake aiki, muddin bai da mabuɗin, wato sirrin da ake warware saƙon da shi. A kan wannan sharaɗi aka gina tsarin AES na ɓoye bayanan kwamfuta, wanda aka amince da shi a 2001, da kuma kariyar da WhatsApp ya saka wa dukkan saƙonni a 2016, inda mabuɗin yake zaune a wayar mai aikawa da ta mai karɓa.