Amsa ga ƙanwar da aka ce ta fita ta kare mawaƙi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun bayan Isha'i na karanta tambayarki, na ajiye waya, na sake ɗauka. Kin ce an zargi mawaƙin da kike ƙauna da lalata wata yarinya da ta je neman ya saka ta a harkar waƙa, shugabannin ƙungiyar masoyansa kuma sun ce kowa ya fita ya kare shi, wanda ya yi shiru munafuki ne. Kin ce zuciyarki ta ƙi natsuwa, har kina tunanin ko ke ce mai raunin soyayya. Na taɓa zama cikin masu ba da irin wannan umarni, don haka ki yi haƙuri da tsawon maganata.

Shekara huɗu na yi ina riƙe da reshen Jos na masoyan wani mawaƙi. Ba zan kama sunansa ba, kuma don Allah kada wani ya tsaya canke. Shagona na gyaran waya a wajen Terminus shi ne ofishinmu. Mu ke buga riguna da hotonsa, mu yi karo-karo mu yanka kek ranar haihuwarsa, in zai shigo gari mu tarbe shi tun daga hanyar Zariya. Ko sunansa ba ma kira, sai dai "mai gida". A duk shekarun nan sau biyu na zauna kusa da shi, in an haɗa duka ba su kai minti goma ba. Amma da a lokacin an tambaye ni halinsa, da na dafa Alƙur'ani na ce mutumin kirki ne. Muryarsa na sani, na ɗauka shi na sani.

Shi ma mai gidan namu wata yarinya ta yi masa irin wannan zargi. Ranar da saƙon muryarta ya fita, kafin awa guda manyanmu sun turo mana abin da za mu faɗa. An biya ta. Neman suna take. Me ya kai ta masaukinsa? Me ya sa sai yanzu da tauraronsa ke haskawa? Na tabbata kusan kalmomin nan aka ba ku, domin ba sa canjawa. Aka raba katin waya ga waɗanda ba su da data. Wani ya tono hotonta, ni kuma da hannuna na watsa shi, da sunan unguwarsu a ƙasa. Wani yaro ɗan Unguwar Rogo, wanda bai taɓa fashin taronmu ba, ya rubuta: "To in gaskiya ce fa?" Ban ba shi amsa ba, cire shi na yi. Kwana uku muka yi muna abu ɗaya, muna ce wa junanmu dakaru.

Bayan kamar wata guda wani mutum ya shigo shagona. Yayan yarinyar ne. Bai sha wahalar gano ni ba, tunda lambata tana jikin duk abin da muka watsa. Na zaci faɗa ya kawo shi. Sai ya ajiye wayarta a kan teburi ya ce in karanta. Ƙanwata, ban iya kaiwa ƙarshe ba. Zagin uwa da uba, tsinuwa, masu cewa sun san ƙofar gidansu, masu cewa za su watsa mata ruwan batir. Da yawa daga cikin lambobin suna cikin wayata, wasu ma ni na saya musu data. Ya ce an cire ta daga makaranta an kai ta wurin gwaggonsu a wani gari, mahaifinsu ya daina sallah a masallacin layinsu, kuma sun fasa kai ƙara. Ya ce bai zo don in yarda da ita ba, ya zo ne in ga aikina.

Har yau maganar ba ta je gaban alƙali ba, kuma mu muka hana ta zuwa. A nan nake so ki tsaya. Muna ta ihun "ina hujja?", alhali duk abin da muke yi na hana hujja fitowa ne. In mai gida yana da gaskiya, bincike ne zai wanke shi, mun hana shi wannan. In yarinyar ce mai gaskiya, mun binne ta da ranta. Kuma duk wata yarinya da take da irin labarin ta ga abin da aka yi wa wannan, ta ja bakinta.

Daga baya na shiga bin labaran irin haka, na ga ba mu muka fara ba. R. Kelly na Amurka, wanda waƙoƙinsa suka cika gidajen rediyo har nan Jos, a 1994 ya auri yarinya 'yar shekara 15 da takardar da aka ƙara mata shekaru. A 2008 kotu a Chicago ta sallame shi a shari'ar wani bidiyo, saboda yarinyar da ake magana a kanta ba ta zo ta ba da shaida ba, masoya suna ta murna a ƙofar kotu. Da aka sake kama shi a 2019, wata mata ta biya dala 100,000 aka ba da belinsa. Sai a 2021 kotu a New York ta same shi da laifi, a 2022 aka yanke masa shekara 30. A 2022 ɗin kuma waccan yarinyar ta Chicago, ta zama babbar mace, ta tsaya a kotu ta ce ita ce a bidiyon, tana da shekara 14 a lokacin. Duk mai tambayar "me ya sa sai yanzu?" ya lissafa shekarun da ta ɗauka kafin ta iya buɗe baki. A Ingila, Jimmy Savile na BBC ya tara wa asibitoci kuɗi masu yawa, Sarauniya ta ba shi lambar girma, ya mutu a 2011 ana yabonsa. A 2013 rahoton 'yan sanda ya lissafa laifuka 214, wasu a cikin asibitocin da yake taimaka wa. Kyauta da sadaka ba sa zama shaidar abin da mutum yake yi in ƙofa ta rufe. A Legas ma, da aka kama ɗan wasan Yarbawa Baba Ijesha a 2021 kan yarinya 'yar shekara 14, wasu abokan sana'arsa sun fito suna kare shi, a 2022 kotu ta same shi da laifi.

Ban ce duk wanda aka zarga ya aikata ba. Sharri yana nan, hassada tana nan a harkar waƙa da fim, na gani da idona. Ƙazafi babban zunubi ne, Suratun Nur ta sa masa bulala 80, kuma Suratul Hujurat ta ce mu tantance labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci. Amma mu a ƙungiya gefe ɗaya muke karanta ayoyin. Muna cewa kada a yi wa mai gida ƙazafi, muna kiran 'yar mutane karuwa ba tare da shaida ko ɗaya ba. Mun manta aya ta 148 a Suratun Nisa'i, wadda ta ba wanda aka zalunta damar ɗaga murya. Mun manta lokacin da Usama bin Zaid ya je ceton matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Manzon Allah (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen farko shi ne in babba ya yi laifi su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su hukunta shi.

Don haka ba a ɗora miki yanke hukunci ba, ba ki kasance a ɗakin ba. Kada ki rubuta cewa ya aikata, kada ki rubuta cewa ƙarya take. Kada ki tura hotonta ko sunanta ko unguwarsu ga kowa, ko da sunan tausayi ne. In kina da ƙarfin hali, ki rubuta musu layi ɗaya: "A bar hukuma ta bincika." Ki duba abin da zai biyo baya. In sun cire ki ko sun zage ki, kin ga irin wurin da kike. Ƙungiyar da tambaya ɗaya take mayar da mutum maƙiyi ta wuce sauraron waƙa.

In kuma kina da hanyar isa ga 'yan'uwan yarinyar, ki faɗa musu kada su goge saƙo ko ɗaya, har na barazanar. In abin bai daɗe ba a kai ta asibiti, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin awa 72 ake fara shi. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, saboda haka in yarinyar ba ta kai 18 ba, "ita ta kai kanta" ba kariya ba ce. A Abuja hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ce ke kula da dokar hana cin zarafi ta 2015, sannan ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa marasa ƙarfi a jihohi.

Kin tambaya ko ya kamata ki daina jin waƙoƙinsa. Wannan ke da zuciyarki. Ni na goge na mai gidanmu, domin duk lokacin da muryarsa ta tashi wayar da aka ajiye mini a teburi nake gani.

Na nemo yaron Unguwar Rogo na ba shi haƙuri, ya haƙura. Na je gidan mahaifin yarinyar sau biyu tare da limamin layinmu. A na farko bai fito ba. A na biyu ya fito, ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko zan iya janye hoton daga wayoyin mutane. Na ce ba zan iya ba. Ya ce to in bari sai ranar da ita da kanta ta ce ta yafe, ya koma cikin gida.