Kwaɗon Hamada: Ina Yake Shiga Idan Ruwa Ya Ɗauke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ji an ce akwai kwaɗin da ke rayuwa a tsakiyar hamada, inda ake shafe watanni ba a ga ɗigon ruwa ba, kuma da zarar an yi ruwan farko sai su cika wuri da kuka. Mun san kwaɗo da ruwa ba su rabuwa. Shin daga ina suke fitowa, ko gaskiya ne da ake cewa tare da ruwan sama suke saukowa? Daga wata ɗaliba mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kwaɗin ba daga sama suke faɗowa ba, a ƙarƙashin ƙasa suke kwance tun daminar bara. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne wanda masana ke kira Scaphiopus couchii, mazaunin hamadar Sonora da sauran busassun yankunan kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko. An laƙaba masa sunan wani hafsan sojan Amurka, Darius Couch, a shekarar 1854. Tsawonsa bai wuce santimita 9 ba, kuma ƙwayar idonsa a tsaye take kamar ta kyanwa.

A kowace ƙafarsa ta baya akwai wani baƙin ƙwanso mai tauri da kaifi, mai kama da bakin fartanya, wanda da shi yake haƙa. Da baya-baya yake shiga, yana turo ƙasa gefe yana murɗa jiki, har ƙasar ta rufe kansa, kuma yakan nitse kusan mita 1, inda zafin rana ba ya kaiwa, ƙasar kuma tana da sauran laima. A nan zai kwanta wata 8 zuwa 10, ba ci ba motsi, numfashinsa da bugun zuciyarsa sun ragu ƙwarai, yana rayuwa da kitsen da ya tara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dabarar ruwansa. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatar cikinsa yake tsotsa. Kafin ya shiga rami yakan cika mafitsararsa, sannan jikinsa ya riƙa janyo ruwan a hankali. Idan ƙasar da ke kewaye da shi ta fara bushewa, sai ya bar sinadarin yuriya, wanda sauran dabbobi ke fitarwa a fitsari, ya taru a jininsa. Da yake ruwa yakan gangara zuwa inda sinadarai suka fi kauri, ƙasar ba ta iya zuƙe masa danshi, shi ne ma yake zuƙar nata. Wani ɗan'uwansa na Ostareliya ya bi wata hanyar, yakan naɗe kansa da tsohuwar fatarsa kamar likkafani, kuma 'yan asalin ƙasar sun daɗe da sanin cewa idan ƙishirwa ta matsa, za a iya tono shi a matse ruwan.

Ba jiƙewar ƙasa ce ke tayar da na Sonora ba. Rugugin tsawa da dukan manyan ɗigon ruwa a doron ƙasa su ne yake ji daga can ƙasa, sai ya tono kansa ya fito. Daga nan komai cikin gaggawa yake gudana. A daren farko mazan za su taru a kududdufi suna kuka mai kama da na tunkiya, mace guda kuma tana iya zuba ƙwai har 3,000. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, 'ya'yan masu wutsiya kuma su fitar da ƙafafu su bar ruwa cikin kimanin kwana 9, alhali na wasu kwaɗin sai sun yi watanni. Duk da wannan sauri, sau da yawa rana takan riga su, kududdufin ya ƙafe da dubbansu a cikin taɓo.

Manyan kuwa suna amfani da 'yan dararen nan wajen cin shinge, wanda shi ma ruwan farko ke fito da shi, kuma kwaɗo ɗaya yana iya haɗiye abin da ya kai rabin nauyinsa a dare guda, ya ishe shi har baɗi. Idan Allah ya sa kika taɓa riƙe shi, ki wanke hannu kafin ki kai ga fuska, domin ruwan da fatarsa ke fitarwa yana sa atishawa da zubar hawaye.