Tambayi Likita: Sanƙarau, Tari da Gudawa a Ɗakunan Kwanan Ɗalibai

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga ɗaliban jami'a da iyayensu suka zo, don haka na haɗa su wuri guda.

Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana ajin farko a jami'a, su takwas ne a ɗaki. Ya ce an kwantar da wani a layinsu, ana zargin sanƙarau. In ce ya taho gida? (Wata uwa daga Gusau)

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya tsare mana su. Tsoronki yana kan hanya. A watan Maris na 2025 sai da aka rufe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi da ke Aliero bayan sanƙarau ya yi ajalin wasu ɗalibai, kuma ku mutanen Zamfara ba ku manta da annobar 2017 ba, wadda ta faro daga jiharku ta ci rayuka sama da 1,000 a ƙasar nan.

Amma kafin ya hau mota, ya fara zuwa asibitin makaranta ya faɗa musu ko ya kwana ɗaki ɗaya da marar lafiyar, ko sun ci abinci kwano ɗaya. Su za su duba ko yana buƙatar maganin kariya. Cutar kan ɗauki kwana 2 zuwa 10 kafin ta bayyana, don haka yaro zai iya baro makaranta garau, ya iso gida da ƙwayar a maƙogwaronsa, ya kwanta cikin ƙannensa.

Mutanenmu kan ce zafi ne ke kawo sanƙarau. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bin tari da atishawa da yawu. Ƙurar hunturu da busasshiyar iskar bazara suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso kuma ya ba ta hanya, shi ya sa take tashi tsakanin Disamba da Yuni. Mutum takwas a ɗakin da aka gina domin huɗu, taga a rufe saboda sauro ko ɓarayin waya, wannan shi ne abin da take so. Su rataya gidan sauro, su bar taga a buɗe.

Ki kira shi yau ki karanta masa alamun: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ƙin haske, sambatu ko suma. Wanda ya nuna haka ba a kai shi kemis, ba a jira gari ya waye, domin cutar tana iya kashe mutum cikin awa 24, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai masu rasa ji har abada. Wani abu da ke ci mini rai shi ne yadda dangi ke ƙin a ɗebi ruwan ƙashin baya, wai yana gurgunta mutum. Gwajin nan ne ke nuna mana irin ƙwayar, kuma da sakamakonsa ne hukuma ke sanin rigakafin da za ta kawo wa sauran ɗalibai.

Idan an yi masa allurar sanƙarau yana ƙarami, mai yiwuwa MenAfriVac ce, wadda nau'in A kaɗai take karewa, alhali na 2017 nau'in C ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kare nau'i biyar. In an zo yi a makarantarsu, ya miƙa hannu.

Likita, abokin ɗakina ya fi wata guda yana tari, ya rame, yana gumi da dare. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa don kada a hana shi jarrabawa. (Wani ɗalibi daga Zariya)

Ɗana, riƙe sirri halin kirki ne, amma wannan sirrin kai ma kana shaƙarsa kowane dare. Duk tarin da ya kai mako biyu gwajin tarin fuka ake yi masa. Gwajin kaki da maganin duka kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashen tarin fuka. Maganin wata shida ne, kuma yawanci bayan makonnin farko na shan sa yadda ya kamata haɗarin sa wa wani yana raguwa ƙwarai, mutum ya koma aji. Ba sai ka kai ƙararsa ba. Ka raka shi da ƙafarka, kai ma a gwada ka tare da sauran 'yan ɗakin. Ɓoyewar ce za ta iya cinye masa zangon karatu gaba ɗaya.

Tun da damina ta sauka 'yan mata da yawa a ɓangarenmu ke gudawa. Banɗakunan sun toshe, ruwa kuma wurin 'yan garuwa muke saya. Me za mu yi? (Shugabar ɗalibai mata a wata kwaleji)

'Yata, kin yi daidai da kika tambaya. Ki ɗauki littafi ki rubuta lambar ɗakin kowace marar lafiya, ranar da ta fara, da inda take samun ruwa da abinci. Sau da yawa takardar nan kaɗai ke nuna tanki ɗaya ko mai abinci ɗaya. Ki kai ta ga likitan makaranta da shugaban harkokin ɗalibai a rubuce. Idan gudawar tsinkakkiya ce kamar ruwan wankin shinkafa, ana zargin kwalara, dole a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232.

Kafin nan, a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga banɗaki, domin buta kaɗai ba ta isa ba. Mai gudawa ta fara shan ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku daina raba wa juna Flagyl. Wadda idonta ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko take amayar da duk abin da ta sha, ƙarin ruwa take buƙata a asibiti. Gyaran banɗaki kuwa haƙƙinku ne a kan hukumar makaranta, ku nema da babbar murya.

Ƙaiƙayi ya addabi ɗakinmu, musamman da dare, tsakanin yatsu. Na shafa magani ya tafi, ya dawo. (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Da alama ƙazuwa ce, kuma ta dawo ne saboda kai kaɗai ka yi magani. A duba ku, sannan duk 'yan ɗakin su shafa maganin dare ɗaya, daga wuya har tafin ƙafa, har da waɗanda ba sa susa. Washegari a wanke zanin gado da tufafi da ruwan zafi, a baza katifu a rana, a maimaita shafawar bayan mako guda.