Tuƙin kwale-kwale a matsayin wasa: amsoshin likita ga yaro, matashiya da dattijai

Tambayoyin wannan karo sun taru ne a kan shiga ƙungiyar tuƙin kwale-kwale da irin atisayen da ya dace da mutum gwargwadon shekarunsa da ƙarfinsa. Kwale-kwalen tsere siriri ne kuma dogo, matuƙinsa yana zama a kan kujera mai zamewa gaba da baya, ƙafafunsa a ɗaure, ya juya baya ga inda jirgin ya dosa. Mutane da yawa suna ɗauka aikin hannu ne, alhali masu horarwa kan ce kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin daga ƙafafu yake fitowa, kusan kashi 30 daga ƙugu da gadon baya, sannan hannuwa su cike ragowar. Akwai abin da zan riƙa komawa kansa a cikin amsoshin nan: zuciya da huhu suna sabawa da aiki cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi suna buƙatar watanni, kuma a wannan tazara ce yawancin raunuka suke faruwa.

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara 11, ya matsa mini lamba sai na sa shi a ƙungiyar tuƙi. Ina tsoron kada wasan ya karkatar masa da baya ko ya hana shi tsawo, ga shi kuma bai ƙware a iyo ba.

Amsa: 'Yar'uwa, a cikin abubuwa ukun da kika ambata, na ƙarshen ne ya fi tayar mini da hankali. Irin wannan jirgi yana kifewa, kuma duk mai koyo zai tsinci kansa a ruwa wata rana. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa ba sa barin sabon shiga ya hau ruwa sai ya nuna zai iya iyon mita 50 da tufafi marasa nauyi a jikinsa, ya kuma iya tsayawa a saman ruwa na minti biyu. Ki fara kai shi ya koyi iyo sosai. Idan kin je ƙungiyar, ki tambaya ko suna koya wa yara abin da za su yi in jirgi ya kife, ko akwai jirgin ceto mai binsu, da kuma yawan yaran da mai horarwa guda yake lura da su. Babban darasin shi ne yaro ya riƙe jirginsa kada ya rabu da shi, domin jirgin yana zama a saman ruwa kuma shi masu ceto suka fi saurin hangowa.

Game da tsawo, ki kwantar da hankalinki. Motsa jiki a ƙarƙashin kulawa ba ya hana yaro girma matuƙar yana cin abinci ya ƙoshi, yana kuma samun barci. Maganar baya kuwa tana da tushe. Tuƙi iri biyu ne: akwai wanda mutum yake riƙe filafili biyu, ɗaya a kowane hannu, akwai kuma wanda yake riƙe babban filafili guda da hannu biyu yana murɗa jiki zuwa gefe ɗaya. Na farkon ya fi dacewa da yaro, domin yana rarraba nauyi daidai a ɓangarorin jiki biyu, kuma shi ya sa ƙungiyoyi da dama suke jinkirta na biyun sai yaro ya kai kimanin shekara 15. A lokacin da yaro yake zabga tsawo, ƙashi yana riga tsoka miƙewa, sai tsokar bayan cinya ta ɗaure, ƙugu ya riƙa lanƙwasa a inda bai kamata ba, don haka a kula da miƙe tsoka a wannan lokaci. Atisaye sau biyu ko uku a mako ya ishe shi, kuma kada ya bar sauran wasanninsa saboda wannan.

Tambaya: Shekarata 52, ina da hawan jini da ƙiba, kuma rabona da motsa jiki ya kai shekara 20. Shin ban makara ba?

Amsa: Malam, ba ka makara ba ko kaɗan. A dokokin hukumar wasan ta duniya, wadda aka kafa tun 1892, rukunin da aka ware wa masu manyan shekaru yana farawa daga shekara 27, an kuma kasa shi kashi-kashi har zuwa masu shekara 80 da ɗoriya, suna tseren mita 1,000 maimakon mita 2,000 na gasar Olamfik. Wasan ya dace da mai ƙiba saboda a zaune ake yinsa, babu dukan da gudu yake yi wa gwiwa da idon sawu.

Sai dai ina roƙonka ka fara da ganin likitanka kafin ka ga mai horarwa. A auna jininka, a duba suga da kitsen jini, a yi maka gwajin bugun zuciya in ya ga da buƙata. Idan awon jini ya kai 180 bisa 110 ko ya wuce, ba a fara atisaye sai ya sauko. Kada kuma ka daina shan magani don ka fara motsa jiki, wannan shawara ce da likita kaɗai yake yankewa bayan ya ga awo na tsawon lokaci.

Ka fara da minti 10 zuwa 15, sau uku a mako, a kan injin tuƙi na kan tudu ko a faffaɗan jirgin masu koyo, kana jan filafili sau 18 zuwa 22 a minti. Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: in kana iya yin magana jimla-jimla kana tuƙi, to kana daidai, in kuwa haki ya hana ka haɗa kalmomi uku, ka sassauta. Akwai lissafin da ake yi na cire shekarun mutum daga 220 don kintatar iyakar bugun zuciyarsa, wanda a wurinka zai ba da 168, matsakaicin aiki kuma ya faɗo tsakanin 110 da 125 a minti. Wannan kintace ne kawai, kuma ba ya aiki ga mai shan magungunan da suke rage bugun zuciya irin su atenolol. Ka riƙa ƙara kamar minti biyar a kowane mako har ka kai minti 150 a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara. Kada ka riƙe numfashi lokacin ja, domin hakan yana ɗaga jini nan take, kuma kada ka tsaya cak bayan ka gama, ka sassauta a hankali na minti biyar don gudun jiri.

Abin da nake gargaɗin maza masu irin shekarunka a kansa shi ne gwajin mita 2,000 da iyakar ƙarfi, wanda ƙungiyoyi suke auna 'yan wasansu da shi. Ka bar shi sai ka yi aƙalla wata uku kana atisaye. Kuma duk ranar da ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo mai bi ta hannu ko muƙamuƙi, ko zuciya tana bugawa ba bisa tsari ba, ko ka ji kamar za ka suma, ka ajiye filafili a kai ka asibiti a ranar.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, shekarata 21. Wata shida ke nan da shigata ƙungiya, yanzu ina atisaye kwana shida a mako saboda ina son a sa ni a jirgin gasa. Mako biyu ke nan ina jin ciwo a haƙarƙarin dama, ƙuguna ma yana ciwo, kuma na rage cin abinci don in rage nauyi.

Amsa: 'Yata, ki dakatar da tuƙi daga yau har a duba ki. Abin da nake zargi a haƙarƙarinki shi ne tsagewar ƙashi irin wadda maimaita aiki yake jawowa, rauni ne sananne a wurin matuƙa, musamman mata. Alamarsa ita ce ciwo a wuri guda da za ki iya nunawa da yatsa, wanda yake ƙaruwa in kin yi tari, ko kin ja dogon numfashi, ko kin juya a kan gado. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa nuna shi a makonnin farko, don haka in aka ce hoto bai nuna komai ba alhali ciwon yana nan, likita zai iya neman hoton MRI. Yawanci ana barin tuƙi na mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, amma za ki iya hawa keken motsa jiki don kada numfashinki ya koma baya.

Ciwon ƙugu shi ne ƙorafin da ya fi yawa a wannan wasa. Yakan taso ne idan mutum yana sunkuyawa da ƙashin bayansa maimakon ya karkato daga kwatangwalo, kuma gajiya ce take kawo wannan kuskure ko ga wanda ya ƙware. An lura cewa zama a kan injin tuƙi fiye da minti 30 ba tare da tashi ba yana da alaƙa da wannan ciwo, saboda haka ki riƙa sauka kina miƙewa bayan kowane minti 20. A injin tuƙi na kamfanin Concept2 da ya fi yaɗuwa, maɓallin iska yana da lamba 1 zuwa 10, masu koyo kan ɗaga shi zuwa 10 suna zaton sun fi samun amfani, alhali tsakanin 3 da 5 ne ya fi kama da jan ruwa kuma ya fi sauƙi ga baya. Idan ciwon ya gangara ƙafa tare da kasala ko mutuwar jiki, ko kika kasa riƙe fitsari, wannan na gaggawa ne.

Rage abincin da kika yi shi ya fi damuna. Jikin da yake aiki kwana shida a mako ba tare da isasshen abinci ba yakan rage gyaran ƙashi, jinin al'ada kuma ya rikice ko ya ɗauke. Idan hakan ya same ki, ki faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba, domin wataƙila shi ne asalin tsagewar. Ko a Olamfik ma an soke rukunin da ake ware wa matuƙa marasa nauyi, gasar Faris ta 2024 ce ta ƙarshe da aka yi shi. In kin warke, ki koma da kwana uku ko huɗu, ki sani kuma manyan 'yan wasa suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a sassauce ne.

Tambaya: Shekarata 66, ina da amosanin gwiwa, an kuma ce ƙashina ya fara laushi. Zan iya?

Amsa: Hajiya, gwiwar ba za ta hana ki ba, motsi ma yana rage mata ƙagewa. Ki taƙaita zamewar kujera yadda gwiwa ba za ta lanƙwashe gaba ɗaya ba. Ɗan ciwon da ya lafa kafin washegari ba abin damuwa ba ne, amma kumburi ko ciwon da ya wuce kwana guda yana nufin aikin ya yi yawa. Laushin ƙashi ne yake buƙatar taka-tsantsan, domin sunkuyawa gaba da nauyi yana matsa ƙasusuwan gadon baya. Idan kin taɓa samun karaya a baya, ko an yi miki aikin canjin kwatangwalo, kada ki fara sai da izinin likitan ƙashi. Tun da a zaune ake tuƙi, ba ya ƙarfafa ƙashin kwatangwalo kamar yadda tafiya take yi, don haka ki haɗa shi da tafiyar ƙafa, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, da na daidaita tsayuwa kwana uku. Ki nemi a riƙa taimaka miki wajen shiga jirgi da fita, domin bakin ruwa yana da santsi.

Tambaya: Ina allurar insulin. Ƙungiya za ta karɓe ni?

Amsa: Ɗan'uwa, babu dalilin da zai hana. An gano ciwon suga a jikin ɗan wasan tuƙi Steve Redgrave na Birtaniya a 1997, kuma ya ci zinarensa na biyar na Olamfik a Sidni a 2000. Ka auna suga kafin ka hau ruwa, in ya gaza 100 a ma'aunin mg/dL ka ɗan ci wani abu tukuna. Ka ajiye abin zaƙi a inda hannunka zai kai a cikin jirgi, ka sanar da mai horarwa da abokan tuƙinka, kada kuma ka fita kai kaɗai. Ka guji yin allura a cinya dab da atisaye, domin aikin ƙafa yana sa maganin ya shiga jini da sauri. Suga yana iya faɗuwa cikin dare bayan doguwar fita, saboda haka ka auna kafin ka kwanta.

Tambaya: Tafin hannuna ya yi bororo har ya fashe. Kwana takwas da suka wuce jirginmu ya kife a kogi, yanzu ina zazzaɓi da ciwon kai da ciwon sha-raɓa.

Amsa: Bororo abu ne da kusan kowane mai koyo yake yi kafin hannu ya yi kanta, kuma sassauta riƙon filafili yana rage shi. A wanke shi da ruwa da sabulu, a rufe shi da filasta mai hana ruwa shiga. Amma zazzaɓin nan, ɗan'uwa, kada ka zauna da shi a gida. Akwai cutar da ake kira leftosifirosis, wadda ƙwayoyinta suke shiga ruwa ta fitsarin ɓera da wasu dabbobi, su shiga jikin mutum ta rauni ko ido ko baki. Takan bayyana tsakanin kwana 5 zuwa 14, da zazzaɓi, da ciwon kai, da ciwon sha-raɓa, da jan ido, in ta yi tsanani kuma ta kawo ciwon shawara ta taɓa ƙoda. Ita ce ta yi ajalin Andy Holmes, wanda ya ci zinare biyu na Olamfik a wannan wasa, a 2010. Magunguna irin su doxycycline da penicillin suna maganinta, kuma sun fi amfani idan an fara da wuri. A ƙasashe masu zafi akwai kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan kogi da tafki. Ka je asibiti yau, ka faɗa wa likita ranar da ka faɗa ruwan da kuma cewa akwai buɗaɗɗen rauni a hannunka, domin wannan bayani ne zai sa ya nemi gwajin da ya dace.