Gidan Wallace na Ayowa: Henry huɗu, jarida ɗaya da masara 'yar aure

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin aikin gona ne a Zariya. Gardama ce ta kaure tsakanina da abokina. Shi ya ce Amurkawa ba su da asali, kowa baƙo ne, yaro na tasawa sai ya bar gida, babu gidan da zai lissafa maka kaka da kakanni a wuri guda. Ni kuma na ji malaminmu ya ambaci wani mataimakin shugaban Amurka da ya yi sana'ar irin masara, har ya ce gado ya yi. Don Allah wane gida ne wannan, kuma da gaske ana samun gidajen gado a yankin nomansu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gidan Wallace malaminku yake nufi, na jihar Ayowa, a tsakiyar yankin da Amurkawa ke kira Midwest, wato ƙasar masara da waken suya da aladu. Abokinka yana da rabin gaskiya. Sai a 1833 aka buɗe wa Turawa gabashin Ayowa, bayan an ƙwace ta daga ƙabilun Sauk da Meskwaki, kuma sai a 1846 ta zama jiha. Idan mutumin can ya bugi ƙirji ya ce gidansu tsoho ne, shekara 150 ko ɗoriya kaɗan yake nufi, abin da a Kano ko Katsina ba zai sa a ɗaga kai a kalle ka ba. Amma suna riƙe ɗan tarihin nasu da kyau. Tun 1976 jihar ke ba da lambar girma ga duk gonar da ta shekara 100 a hannun dangi ɗaya, kuma dubban gidaje sun karɓa.

Gidan Wallace ya bambanta da waɗannan, domin gona ba ita ce babban gadonsu ba. Abin da uba ya riƙa miƙa wa ɗa damuwa ce guda: me ya sa manomi ke ciyar da kowa, shi kuma ya kwana da bashi? Kowannensu ya ɗauko ta ta hanyarsa, wani da wa'azi, wani da jarida, wani da kujerar minista, wani da iri.

Kafin mu shiga, ka lura da sunaye, don ɗan fari a gidan Henry ake sa masa, kamar yadda muke yi wa kaka takwara sannan mu ɓoye sunan da Abba ko Baffa. Su ma haka suka warware: na farko Kawu Henry, na biyu Harry, na uku H.A., na huɗu H.B.

An haifi Kawu Henry a 1836 a wata gona a yammacin Pensilbaniya. Ubansa John daga arewacin Ayalan ya yi ƙaura. Henry ya yi karatun addini, ya zama limamin cocin Presbyterian, aiki ya kai shi bakin kogin Misisipi a farkon shekarun 1860. Tarin fuka ya riga ya yi wa danginsa ɓarna, shi ma ya kama shi, likita ya ce ko ya bar mumbari ya koma iska mai kyau ko ya bi sahun 'yan'uwansa. A 1877 ya ajiye limanci, ya koma garin Winterset yana kula da gonaki a gundumar Adair. Mutumin da ya saba magana kowace Lahadi ba ya iya yin shiru. Ya fara rubutu a jaridar gari kan ciyawar kiwo da gyaran ƙasa da shanu, har aka ɗauke shi edita a Iowa Homestead, babbar jaridar manoman jihar.

A can ya yi ta caccakar kamfanonin jirgin ƙasa kan kuɗin dakon da suke tatsar manoma. Mai jaridar, James Pierce, bai ji daɗi ba, suka ɓata, a 1895 Kawu Henry ya tattara nasa ya nasa yana dab da shekara 60. Shi da 'ya'yansa suka rungumi wata 'yar jaridar kiwon shanun madara da Harry ke da hannu a ciki, ita ce ta zama Wallaces' Farmer. Takenta abu uku ne: noma mai kyau, tunani garau, zaman gaskiya. Kowane mako tsohon yana rubuta darasin Littafi Mai Tsarki a cikinta, manomi ya karanta farashin alade a wannan shafi, ya juya ya sami wa'azi. A 1908 Shugaba Theodore Roosevelt ya sa shi a kwamitin binciken rayuwar karkara. Ya rasu a 1916, a cikin coci a birnin Des Moines, wajen wani taro.

Ga abin da za ka kai wa abokinka. Kafin ya rasu, tsohon ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa a matsayin wasiƙu zuwa ga tattaɓa-kunnensa, yana ba su labarin gidan da ya tashi, abin da ake ci, yadda ake girbi da hannu. Daga baya aka buga su littafi. Ba su da maroƙa masu rera salsala, takarda ce maroƙinsu.

Harry, wanda aka haifa a 1866, ya shiga kwalejin aikin gona ta Ames, ya bari bai gama ba, ya yi aure, ya koma noma a gonar ubansa kusa da ƙauyen Orient. Shekarun ba su yi masa kyau ba, farashi a ƙasa, sanyi mai tsanani. Ya koma makaranta ya kammala, ya koyar da sarrafa madara, sannan ya riƙe jaridar. A 1921 Shugaba Harding ya naɗa shi ministan noma, daidai lokacin da farashin amfanin gona ya rushe bayan yaƙin duniya na farko. Shi ya kafa sashen nazarin tattalin arzikin noma a ma'aikatar. Ya so gwamnati ta sa hannu ta tallafi farashi, ministan kasuwanci Herbert Hoover ya tsaya masa a gaba. Harry ya rasu a kan kujera a 1924, kuma gidan bai taɓa yafe wa Hoover ba. Gida ne na 'yan jam'iyyar Republican tun asali, amma a zaɓen shugaban ƙasa na 1928 da 1932, da Hoover ya tsaya wa jam'iyyar takara, ɗansa ya mara wa abokan hamayyar Hoover baya.

Wannan ɗan shi ne H.A., Henry Agard Wallace, wanda ka ji labari. An haife shi a gonar Orient a 1888. Yana ƙaramin yaro a Ames, akwai wani ɗalibi baƙar fata da ke zuwa gidansu, George Washington Carver, wanda aka haifa cikin bauta a Misuri, baƙar fata na farko a kwalejin. Carver yakan ja yaron su shiga daji, ya tsuguna ya nuna masa furen ciyawa, wannan namiji, wannan mace, ga yadda suke barbara. H.A. ya yi ta ambaton wannan yawo har tsufansa.

A zamanin, gasar kyan masara ake yi. Alƙalai su jera zangarniya a tebur, su duba wadda layukanta suka miƙe, ƙwayarta ta yi daidai, bakinta ya cika, su ba ta lamba, manoma kuma su yi rububin irinta. Babban alƙalin wannan harka shi ne Farfesa Perry Holden. A 1904 H.A., yaro ɗan sakandare, ya tambaye shi ko kyan zangarniya na nufin yawan amfani. Holden ya ce to ya shuka ya gani. Yaron ya kwashi masarar gasar, kowace zangarniya da nata layin a filin bayan gidansu, ya yi noma, ya girbe, ya auna kowane layi daban. Wadda ta zo ta ɗaya a tebur tana cikin na baya a ma'auni, wata da aka raina ce ta fi cika buhu. A ganina, duk rayuwar mutumin tana cikin wannan fili: a bar kallo, a ɗauko sikeli.

Tunda ɗalibin noma ne kai, ka san yadda ake yin 'yar aure. A rufe gashin masara da jakar takarda, a zuba masa ƙurar furen karan kansa, shekara bayan shekara, har a sami tsatso tsantsa, gajere, ramamme. Sai a aurar da tsatso biyu, 'ya'yan su fito da ƙarfin da ya fi na iyayen. Ba H.A. ya gano wannan ba, masana irin su George Shull da Donald Jones ne. Abin da ya yi shi ne fito da ita daga gonar gwaji zuwa kasuwa. A 1926 shi da abokansa suka kafa kamfanin Hi-Bred Corn, da taimakon kuɗin gadon matarsa Ilo, kamfanin da aka ƙara wa suna Pioneer a 1935. Da farko manoma sun ƙi, don wa zai sayi iri kowace shekara alhali yana da na rumbu? Farin 1934 da 1936 ne ya yi musu tallar, gonar 'yar aure na tsaye, ta maƙwabci ta ƙone. Kafin tsakiyar shekarun 1940 kusan duk masarar Ayowa 'yar aure ce.

Jaridar kuwa ta kuɓuce musu ta hanya mai ciwo. A watan Oktoban 1929 suka ci bashi suka sayi tsohuwar kishiyarsu Iowa Homestead, a watan da kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi. A 1932 bashin ya fi ƙarfinsu, jaridar ta koma hannun Dante Pierce, ɗan mutumin da kakansu ya bar wa aiki cikin fushi. Har yau ana buga ta da sunan Wallace, amma ba tasu ba ce.

A 1933 Shugaba Franklin Roosevelt ya ba H.A. kujerar da ubansa ya mutu a kai. Masara ta yi arhar da manoma ke ƙona ta a murhu don jin ɗumi. Maganin da ya kawo mai ɗaci ne: gwamnati ta biya manoma su rage noma, aka nome audugar da ta riga ta tsiro a eka miliyan 10, aka yanka 'yan aladu kusan miliyan 6, a ƙasar da mutane ke layin abinci. An zage shi sosai, kuma ba a rasa dalili ba, domin a kudu masu gonaki ne suka karɓi kuɗin, 'yan ƙodago da masu noman raba-daidai, yawancinsu baƙar fata, aka kore su. Tsarin da ya fi alfahari da shi shi ne rumbun tsimi na ƙasa, a tara a shekarar yalwa a fitar a shekarar fari. Da kansa ya ce ya ɗauko shi daga tsohon tsarin ƙasar Sin da kuma labarin Annabi Yusuf a Masar.

Aka zaɓe shi mataimakin shugaban ƙasa a 1940. Kafin rantsuwa ya tafi Meziko a mota, yana tsayawa yana shiga gonakin masara yana hira da manoma da Sifaniyanci. Ƙarancin amfanin da ya gani ya sa ya matsa wa gidauniyar Rockefeller, ta buɗe shirin bincike a can a 1943. A shirin ne wani ɗan Ayowa, Norman Borlaug, ya yi aikin alkamar da ya ba shi kyautar Nobel a 1970. Borlaug ɗin ne daga baya ya jagoranci shirin bunƙasa noma na Sasakawa, wanda ya shigo Najeriya a 1992 ya yi gonakin gwajin masara da alkama a Kano da Kaduna. Ta nan zaren ya iso unguwarku.

Siyasarsa ta ƙare da faɗuwa. A taron jam'iyya na 1944 a Chicago shi ya zo kan gaba a zagayen farko na zaɓen ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa, manyan jam'iyya suka juya ƙuri'u zuwa Harry Truman. Roosevelt ya rasu kwana 82 bayan sabuwar rantsuwa, Truman ya hau. A 1946 Truman ya sallame shi daga ministan kasuwanci saboda ya nemi a sassauta wa Tarayyar Sobiyet. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1948 a wata sabuwar jam'iyya, ya ƙi yin jawabi a duk zauren da aka raba farare da baƙaƙe, a kudu aka yi ta jifansa da ƙwai da tumatir, ya tashi da ƙuri'a wajen kashi 2 cikin 100. Kan wariyar launi ya riga zamaninsa. Kan Stalin, shugaban Sobiyet, kuwa an yaudare shi: a 1944 an zagaya da shi Magadan a Saiberiya, aka ɓoye masa cewa sansanin fursunoni ne, ya dawo yana yabo. A 1952 ya fito ya rubuta cewa ya yi kuskure. Ya ƙare kwanakinsa a gonarsa a jihar New York yana aurar da kaji da furanni, ya rasu a 1965.

H.B., Henry na huɗu, bai shiga siyasa ba. Shi ya riƙe reshen kaji, Hy-Line, inda aka yi wa kajin ƙwai irin auren da aka yi wa masara. Ƙannensa Robert da Jean suka juya dukiyar zuwa gidauniyoyin kare muhalli da noma mai ɗorewa. A 1999 kamfanin DuPont ya sayi ragowar hannun jarin Pioneer kan dala biliyan 7.7, a 2019 kuma ya koma ƙarƙashin kamfanin Corteva. Wani jikan H.A., Scott Wallace, ya nemi kujerar majalisar wakilai a 2018 a Pensilbaniya, jihar da kakan kakansa ya baro, bai samu ba.

Akwai abin da ke damuna a labarin. Kawu Henry ƙauye mai cike da mutane yake so, da coci da makaranta da ƙananan gonaki. Irin da jikansa ya yaɗa, tare da tarakta da takin zamani, ya sa mutum ɗaya ke noma abin da gidaje da yawa ke nomawa a da. A shekarun 1930 gonakin Ayowa sun haura 200,000, yau ba su kai 90,000 ba. A nan abokinka ya sake samun maki, don zuriyar Wallace ma yawancinta ta watsu zuwa gabashin ƙasar. Gonar Orient inda aka haifi H.A. tana nan, eka 40, a hannun wata ƙungiya mai kula da tarihin gidan. Ana noma kayan lambu a cikinta, an mayar da wani sashe ciyawar daji irin ta da, kuma baƙi na zuwa su zagaya. Tokar H.A. kuwa an mayar da ita Des Moines, tana maƙabartar Glendale.