Gurnanin jita ba ciwo ba ne

Ila, na ga saƙonka. Wai ampilin, wato na'urar ƙara sauti, da yaran nan masu jita suka kawo yana fid da sauti a dagule kamar lasifika ta yage, ko ka tsabtace sautin? Kada ka kuskura. Shekara uku kana shagona, har yau ba ka raba gurnanin da aka nema da na cuta ba? Duba fizibil (fis ɗin wuta) da auna transfo (taransfoma) ba zan tsaya koya maka ba, wannan ko mai cajin waya a tasha ya iya.

Gurnanin nan shi suke so. Kiɗan da Turawa ke kira saikedelik ke nan: jita ta yi ta kuka, waƙa ɗaya ta ja har mai saurare ya manta inda yake. Ƙungiyar Grateful Dead ta fara a Kalifoniya a 1965, a 1973 suka buɗe kamfanin faifansu don kada wani ya yi musu iko, a 1974 kuma suka jera lasifika sama da 600 a bayansu kamar katanga. Ɗawainiyarta ta kusa karya su, amma kayansu ne. Har barin mutane suke su ɗauki wasansu a kaset kyauta. Ba sai ka je Amurka ba ma. Mdou Moctar ɗan jiharmu ta Tahoua ne, bahago, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa a 2008, suka bi katin memori na waya daga hannu zuwa hannu har suka kai kunnen mai kamfanin faifai na Sahel Sounds. Babu ubangidan da ya ɗauke shi a lokacin.

To su yaran yanzu 'yancin kawai suka ji, ba su ji wahalar ba.

Wani ya zo mini a 2016, rawani har hanci, wai shi ƙungiyarsa ba ta ƙarƙashin kowa. Yana son hayar bafal biyu, wato akwatunan lasifika, da ampili zuwa biki a bayan Abalak, kwana uku, zai biya in ya dawo. Bafal ɗin nan jika 400 na zuba musu, sai da na sai da ragunan layya na cika kuɗin. Don sahunmu ɗaya da ubansa a masallaci, ko dala ban karɓa ba. Wautata ke nan, kuma na yarda tawa ce.

Sai rana ta tara aka sauke mini su daga amalanken jaki. Tun kafin in kwance ragar na ji ƙaurin waya. Na sa yatsu na danna takardar lasifikar, tana gogawa ƙarar-ƙarar, yashi na zubowa a ƙafata. Ashe ba su da fedal, ɗan akwatin da ake takawa ya ba jita gurnani, sai suka murɗe ampili har ƙarshe don su sami gurnani, a kan ɗan ƙaramin injin wuta, dare bayan dare. Da na yi magana, ya dubi idona ya ce, "Baba, ai dama haka ka ba ni su." Ni! Ya ajiye jika 10 a kan tebur kamar sadaka. Har gobe yana wucewa ta ƙofar shagon nan a kan sabon babur, yana ɗaga mini hannu.

Saboda haka, a ampilin yaran nan, rage gen ɗin, wato maɓallin ƙarfin sautin da ke shiga, ka kaɗa tsirkiya ɗaya. In sauti ya fito tas, lafiyarsa lau, mayar musu da abinsu. In har yanzu yana kwarzane, danna takardar a hankali ka saurara. Kuma ko sun rantse da me, kada igiya ɗaya ta bar shagon nan sai sun ajiye rabin kuɗi. Gobe ka zo da wuri, dalma ta ƙare.