Wace hanya ce ta fi aminci tsakanin manhaja da uwar garke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa wa wani ɗan kasuwa a kasuwar Dole manhajar intanet ta lissafin kaya, yana da rassa a Mirriya da Magariya. In haɗa shafin kai tsaye da rumbun bayanai na MySQL, ko in bi ta REST, ko WebSocket? Rezo na yawan yankewa. Daga mai karatu a Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar kai tsaye ka cire ta daga ranka. Duk abin da ya sauka a burawza, har kalmar sirrin rumbun bayanai, kowa na iya buɗewa ya karanta. Ƙofar da ake bi a shiga MySQL, wato mai lamba 3306, ta zauna a rufe ga na waje. Uwar garke, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun manhajar, ita kaɗai ke magana da rumbun, ita ma ta riƙa aika umarni daban, rubutun mai amfani daban, don kada wani ya cusa umarnin SQL, yaren da ake ba rumbun umarni da shi, a gurbin sunan kaya ya share maka komai.

REST, wato a aika buƙata a karɓi amsa, ta kan HTTPS mai ɓoye saƙo a hanya, da saƙonnin JSON (tsarin rubuta bayanai), ita ce daidai da aikinka, domin kowace buƙata cin gashin kanta take yi. WebSocket, da aka daidaita a 2011, tana son layi a buɗe koyaushe. Ta hira ce, ba ta lissafin shago ba.

Inda aka fi yin asara shi ne nan: yaron shago a Magariya ya shigar da buhun gero 20, saƙon ya isa, an rubuta, amma rezo ya ɗauke kafin amsa ta dawo. Ya sake latsawa, lissafi ya nuna 40. Maganinsa, wayar ta ƙirƙiro wa kowane ciniki lambar UUID, wato lambar shaida ta shi kaɗai, tun kafin aikawa, a rumbun kuma ka hana ginshiƙin lambar karɓar maimaici. In ta sake zuwa, uwar garke ta mayar da amsar farko kawai.

Ka sa iyakar jira, kamar daƙiƙa 15, sannan a sake gwadawa bayan daƙiƙa 2, 4, 8. In abin ya ƙi, cinikin ya jira a IndexedDB, ma'ajiyar burawza da ke cikin wayar, har rezo ya dawo, allon kuma ya nuna ƙarara cewa bai tafi ba tukuna. Jerin kaya ya riƙa zuwa 50-50, saboda kuɗin data.

Kafin ka miƙa wa Alhaji aikin, ka katse intanet ɗin wayar ana tsakiyar aikawa, ka mayar, ka duba ko ciniki ɗaya ne ya shiga rumbun.